Rayuwar Babbar Tagwaye, Masaniyar Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya Farfesa a watan Maris na shekarar 1951, a wani gari mai matsakaicin girma da ke bakin kogi, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta. Mahaifin nata mai ɗaukar hoto ne, shi ne kuma na farko da ya buɗe shagon wannan sana'a a layin kasuwar garin. Mahaifiyarta tela ce, tana ɗinka kayan mata da na yara a kan keken ɗinki mai feda. An haife ta ne tare da 'yar'uwarta ta tagwaye, kuma da yake ita ce ta riga faɗowa duniya, sai mutanen gida suka laƙaba mata Babba, 'yar'uwar kuwa aka riƙa ce mata Ƙarama. Waɗannan laƙubba su ne suka bi su har tsufa, sunayensu na yanka suka koma na takardun makaranta kawai.

Kamannin da ke tsakaninsu ya kai matsayin da hoton da mahaifinsu ya ɗauke su ya liƙa a gilashin shago ya zama abin muhawara a layin, har wani abokin ciniki ya taɓa rantsewa cewa yarinya ɗaya ce aka wanke sau biyu domin a jawo kasuwa. Mahaifiyarsu ce kaɗai ba ta taɓa rikita su ba, ta kan ce da takun ƙafa take gane su tun kafin su shigo.

A hali kuwa sun bambanta. Babba ta taso mai shiru da naci, ba ta da wurin zama sai ɗakin wankin hoto, inda jar fitila ke ci bisa farantai uku na ruwan sinadari. A can ta koyi auna garin sinadari a sikeli, da haƙurin jiran fuska ta bayyana a kan farar takarda. Ƙarama ba ta jure warin ɗakin, ita mai surutu ce da barkwanci, kuma a lissafi ba a taɓa samun wanda ya ja da ita a ajinsu ba.

Karatu

A shekarar 1957 aka sa su makarantar firamare, suka wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1964, inda suka kammala da sakamako mai daraja. A duk tsawon waɗannan shekaru Ƙarama ce ta ɗaya, Babba tana biye da ita, kuma ba a taɓa jin wannan ya haifar da hassada a tsakaninsu ba. A 1969 jami'a ta karɓe su tare, Ƙarama a sashen lissafi, Babba a sashen kimiyyar sinadarai, aka kuma ba su ɗaki ɗaya a masaukin ɗalibai mata.

Rashin Lafiyar Ƙarama

A shekararsu ta biyu a jami'a, suna da shekara goma sha tara, al'amarin da ya sauya alƙiblar rayuwar Babba ya auku. Ƙarama ta fara janye jiki daga mutane, ta daina barkwancin da aka san ta da shi, takardunta na lissafi suka cika da jerin lambobi marasa kan gado. Daga bisani ta fara ƙorafin cewa mai karanta labarai a rediyo da ita yake, kuma akwai muryoyi da ke tattauna al'amuranta a bayan bango. Da aka dawo da ita gida, wata rana da hantsi mahaifinsu ya shigo shago ya tarar ta juya dukkan hotunan da ke rataye sun fuskanci bango, domin a cewarta idanun mutanen ciki suna bin ta duk inda ta nufa.

Bayan iyali sun sha fama da shawarwarin dangi da maƙwabta iri-iri, a farkon 1971 aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, inda wani dattijon likita ya tabbatar da cewa tana fama da ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya. Babba ce ta raka iyayenta ofishinsa, kuma da ya gama bayani ita ce ta yi magana.

"Likita, ciki ɗaya muka kwanta, kwano ɗaya muke ci, ɗaki ɗaya muke kwana. Me ya sa ita, ba ni ba?"

Likitan ya dube ta ya ce, "'Yata, ban sani ba, kuma ban san wanda ya sani ba. Abin da zan iya gaya miki shi ne, a irin tagwayenku masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokuta ɗayan ma yakan kamu. Ki riƙa kula da kanki."

Mahaifiyarsu ta fashe da kuka. A ƙarshen wannan zango Babba ta nemi a sauya mata sashe zuwa karatun likita, ta amince da a mayar da ita baya da shekara biyu.

Maganin da aka ɗora Ƙarama a kai ya kwantar da muryoyin, sai dai ya zo da rawar hannu da sandarewar wuya. Babba ta karanta a littattafanta cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna isar wa juna saƙo ne ta hanyar sinadarai, kuma wannan magani yana toshe wuraren da ke karɓar ɗaya daga cikinsu, mai suna dofamin. Amma ta lura da abin da littattafan ba su yi masa cikakken bayani ba. Muryoyin sun yi shiru, sai dai himma da walwala da ikon riƙe dogon tunani ba su dawo ba. Ƙarama, wadda a da take warware lissafin jami'a a ka, yanzu sai ta yini a bakin gado ba ta ɗaga komai ba. Daga nan Babba ta yanke a ranta cewa dofamin ɓangare ne kawai na al'amarin, kuma asalin matsalar tana wani wuri da ya fi zurfi.

Aikin Likita da Aure

Ta kammala karatun likita a 1977, ta yi aikin sanin makama a asibitin koyarwa na jami'ar, sannan ta zaɓi sashen nazarin cututtuka a cikin naman jiki, abin da ya ba malamanta mamaki, domin ba sashe ne da matasan likitoci ke rububi ba. A wannan tsakanin wani abokin karatunta ya nemi aurenta, amma danginsa suka sa shi ya janye bayan sun ji labarin Ƙarama.

A 1978 wani injiniyan gadoji, wanda ya kawo mahaifinsa asibitin jinya, ya gabatar da kansa. Kafin magana ta kai ga manya, Babba ta zaunar da shi a benci a harabar asibitin ta gaya masa komai.

"Ka sani duk gidan da na zauna, akwai ɗakin Ƙarama a cikinsa. Kuma har yau likitoci ba su ce na tsira ba. Ka je ka yi tunani."

Injiniyan ya ce, "Na gama tunani tun kafin in zo. Alfarma ɗaya nake nema, ku riƙa sa mini alama, kada wata rana in yi wa ƙanwata gaisuwar matata."

An ɗaura aurensu a watan Afrilu na 1979, kuma tun daga ranar har ƙarshen rayuwarsa wasa bai yanke ba tsakaninsa da Ƙarama, wadda ta riƙa kiransa Mai Siminti.

Ƙarin Ilimi a Ƙasar Waje

A 1981 ta samu gurbin ƙaro ilimi a wata cibiyar binciken ƙwaƙwalwa a ƙasar waje, ta tafi da mijinta da 'yarsu ta fari, Ƙarama ta zauna wurin iyayensu. Ɗakin binciken yana ƙarƙashin ƙasa ne, cike da kwalabe masu ɗauke da naman ƙwaƙwalwar mutanen da suka yi wasiyya a yi nazari da shi bayan rasuwarsu. Aikinta shi ne ta yanka naman siriri fiye da fatar albasa, ta rina shi, ta duba a madubin likita. Ɗaya daga cikin hanyoyin rinin ana yin sa ne da ruwan azurfa, dangin wanda ta saba da shi a shagon mahaifinta, don haka hannunta ya faɗa da wuri, har sauran ɗalibai suka riƙa kawo mata nasu. Idan rinin ya kama, ƙwayar ƙwaƙwalwa takan fito baƙa wuluk da rassanta, tamkar bishiyar da ta kaɗe ganye.

Shekara huɗu ta yi tana neman matattun ƙwayoyi ko tabo a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu da wannan ciwo, irin wanda ake gani a cututtukan tsufa, ba ta samu ba. Wasu abokan aikinta suka ɗauki wannan a matsayin asarar lokaci, amma ita ta rubuta kundinta na digirin digirgir a kan wannan rashin samu. Ta kafa hujja da cewa tunda ƙwayoyin suna nan da ransu, ya wajaba a koma duba mahaɗai, wato ƙananan wuraren da reshen wata ƙwaya ke taɓa reshen wata domin isar da saƙo. Wannan ya yi daidai da ra'ayin da wasu masana suka fara bayyanawa a wancan zamani, cewa ƙwaƙwalwar yaro takan ƙera mahaɗai fiye da buƙata, sannan a shekarun balaga ta rage waɗanda ba a amfani da su, kuma mai yiwuwa a wannan ciwo ragin ne yake wuce kima. Abin da ya ƙara jan hankalinta shi ne, wannan bayani ya dace da shekarun da ciwon ya fi bayyana, wato ƙarshen ƙuruciya.

Cibiyar ta yi mata tayin aiki na dindindin. Ana cikin wannan magana, a 1985, labarin rasuwar mahaifinta ya iso, ta yi godiya ga shugabanninta ta tattara iyalinta ta dawo gida.

Kafa Ɗakin Bincike

A 1986 jami'arta ta ba ta muƙamin malama, tare da wani tsohon ɗakin ajiya a ƙarƙashin matakalar sashen, wanda ba shi da taga. Da madubin likita guda ɗaya da injin daskarewa guda ɗaya ta fara. Mijinta ne ya fasa bango ya sa taga, ya kuma gina mata teburin siminti wanda ba ya girgiza idan ɗalibai na hawa bene.

Tunda samun naman ƙwaƙwalwa abu ne mai wuya, sai ta mayar da hankali ga jini da tarihin iyalai. Kowace Talata takan zauna a asibitin masu taɓin hankali tana ganin marasa lafiya, kuma a nan ta riƙa neman izinin iyalan da ciwon ya bayyana a cikinsu fiye da sau ɗaya, musamman masu tagwaye, domin ta ɗebi jininsu ta adana don nazarin ƙwayoyin gado. Da yawa sukan yi ɗari-ɗari da farko, domin ciwo ne da ake ɓoyewa. A irin wannan hali takan gaya musu cewa ita ma 'yar gida ce, 'yar'uwarta na nan a ɗakin da ke kusa da nata tana shan magani safe da yamma. Bayan wannan, da wuya a hana ta.

A 1994, lokacin wani dogon hutu, wutar lantarki ta ɗauke, injin janareton sashen kuma ya lalace ba tare da an ankara ba. Da aka dawo aka buɗe injin daskarewa, dukkan jinin da ta tara cikin shekara takwas ya lalace. Ma'aikatanta sun shaida cewa ta tsaya ta duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta wanke hannu, sannan ta tambayi direban sashen ko motarsa na da mai. Cikin shekara biyu ta bi iyalan nan gida-gida, ta gaya musu gaskiyar abin da ya faru, ta nemi afuwa, ta sake roƙo. In ban da waɗanda suka rasu ko suka ƙaura, babu gidan da ya mayar da ita hannu biyu.

Jinin da ta sake tarawa ya shiga cikin manyan bincike na haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe, a daidai lokacin da yawancin abin da aka sani game da gadon wannan ciwo ya fito ne daga al'ummomi kaɗan. An ɗaga ta zuwa matsayin Farfesa a 1998. A aji ta shahara da sauƙaƙa bayani. Takan gaya wa ɗalibai cewa kada su nemi ƙwayar gado guda ɗaya da za su ɗora wa laifi, domin ɗaruruwa ne, kowace da ɗan abin da take ƙarawa, kuma da yawansu aikinsu yana a mahaɗai ne, musamman inda sinadarin gulutamet ke isar da saƙo. Ba ta yarda a ce "mahaukaci" a gabanta, kuma ɗalibin da ya yi kuskuren faɗa yakan sha tambayoyi har sai ya gwammace bai zo aji ba.

'Ya'ya da Zaman Gida

Allah ya albarkaci aurenta da 'ya'ya huɗu: mace a 1980, namiji a 1983, wani namijin a 1986, da auta mace a 1990. Tun dawowarta daga waje ta ɗauko mahaifiyarta da Ƙarama zuwa gidanta, kuma bayan rasuwar mahaifiyar a 1992 keken ɗinkinta ya koma ɗakin Ƙarama. Ciwon ya tashi wa Ƙarama sau biyu har aka kwantar da ita, a 1988 da 1996, amma bayan an sauya mata magani zuwa wani sabo da ke buƙatar gwajin jini a kai a kai, ta samu natsuwa mai ɗorewa. Ta riƙe ɗinki a matsayin sana'a, barkwancinta ya dawo ko da ba duka ba, yaran gidan suna kiranta Inna Ƙarama, kuma ita ce ta koya wa dukkansu lissafi.

Farfesa ta wuce shekarun da ake fargabar kamuwa lafiya lau. Sai dai ta san abin da nazarin tagwaye ya nuna, cewa 'ya'yan wanda bai kamu ba suna iya gadon haɗarin kamar 'ya'yan wanda ya kamu. A 2005 ɗanta na uku, mai shekara goma sha tara, wanda ke karatun zanen gine-gine, ya dawo hutu a sauye. Ya daina cin abinci tare da jama'a, ya liƙe tagar ɗakinsa da jarida, yana yawan juyawa kamar an kira shi. Farfesa ta ga wannan duka, ta kuma san sunansa, amma bakinta ya kasa furtawa. Ƙarama ce ta same ta a kicin da rana, ta rufe ƙofa.

"Babba, kin gani, na gani. Yaron nan yana jin abin da nake ji. Kada mu yi masa jinkirin da aka yi mini."

A makon aka kai shi wurin wani likita abokin aikin Farfesa, domin ta ƙi ta zama likitar ɗanta. Da yaron ya ƙi shan magani, yana zargin an sa masa wani abu a ciki, Ƙarama ta shiga ɗakinsa da nata maganin a tafin hannu, ta zauna a bakin gado ta ce, "Ni ma muryoyin sun gaya mini guba ce, shekara talatin da huɗu ke nan suna faɗa, ga ni zaune. Ɗauko ruwa mu sha tare." Haka suka riƙa yi kullum har ya saba. Bayan hutun shekara ɗaya ya koma jami'a, ya kammala karatunsa a 2010.

Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa daga Fata

A ƙarshen shekarun 2000 masana suka gano hanyar ɗaukar ƙwayoyin fatar mutum a mayar da su tamkar na ɗan tayi, sannan a sarrafa su su zama ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu rai a cikin faranti. Ga wadda ta shafe rayuwarta tana duba mataccen nama, wannan babbar dama ce. A 2011, tana da shekara sittin, ta ɗauki hutun bincike ta tafi koyon wannan fasaha, ta zauna a benci ɗaya da ɗaliban da ba su kai 'yarta ta fari ba, kuma ba ta ji nauyin tambayarsu abin da ba ta gane ba.

Da ta dawo, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince kuma ya naɗa wani likita daban ya nemi yardar Ƙarama, aka ɗebi ɗan guntun fata daga damtsen kowaccensu. Shekara biyu na farko babu abin da ya rayu, ƙwayoyin cuta suna mamaye farantan tun kafin a je ko'ina. Sai a 2015 aka dace. Ƙwayoyin suka miƙa rassa, suka fara taɓa juna, kuma da aka sa musu rini mai haske, mahaɗai suka fito a allon kwamfuta kamar ƙananan ɗigo kore. Ta kuma haɗa su da wasu ƙwayoyi na daban da ke cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda aikinsu shi ne cinye mahaɗan da aka yi wa alamar cirewa, ta laƙaba musu suna masu shara.

Domin kada son zuciya ya shiga, ma'aikatanta sun ɓoye mata wane faranti ne na wa har aka gama ƙirga mahaɗan. Abin da ta yi tsammani shi ne ta ga farantinta ya yi daidai da na mutanen da ba su da ciwon a danginsu, na Ƙarama kuma ya gaza. Da aka bayyana, farantan biyu duka sun gaza na sauran mutane yawan mahaɗai, kuma tazarar da ke tsakanin nata da na Ƙarama kaɗan ce.

Washegari ta kawo Ƙarama ɗakin binciken, karo na farko, ta zaunar da ita gaban allon ta nuna mata hotunan biyu.

Ƙarama ta gyara tabarau ta ce, "Wanne ne nawa?"

"Na hagu."

"To ai ban ga bambanci ba."

"Ni ma da ƙyar na gani. Abin da ke jikinki yana jikina, Ƙarama. Ban fi ki komai ba, wani abu ne ya tare mini, kuma ban san ko mene ne ba."

Ƙarama ta ce, "Shekara arba'in da huɗu ina zaton ni ce hoton da aka wanke ba daidai ba." Ta sake duban allon ta ƙara da cewa, "Amma nawa ya fi kyau, dubi yadda rassan suka baje."

Wasu abokan aiki sun matsa mata ta gaggauta buga wannan sakamako, amma ta ƙi, ta ce tagwaye ɗaya ba hujja ba ce, balle ma tagwayen da mai binciken take ɗaya daga ciki. Ta cire nasu daga lissafi, ta koma ga iyalan da ta sani tun shekarun baya, ta nemi fatar wasu tagwayen. Sai a 2020 ita da ɗalibanta suka buga abin da suka samu, a taƙaice kuma cikin taka-tsantsan, suna masu bayyana iyakar abin da faranti zai iya faɗa game da ƙwaƙwalwar mutum. Daga nan tambayar ɗakin binciken ta sauya, daga abin da ke jawo ciwon zuwa abin da ke kare wanda ya gaji haɗarin bai kamu ba.

Ritaya da Shekarun Ƙarshe

Mijinta ya rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, suna da shekara arba'in da aure. Ta yi ritaya a 2021, bayan ta yaye ɗalibai goma sha bakwai masu digirin digirgir, ɗakin ajiyar da ta fara da shi kuma ya zama cibiya mai hawa biyu, wadda ɗaya daga cikin ɗalibanta mata take shugabanta. A laccarta ta bankwana, wadda iyalan marasa lafiya suka cika rabin zauren, ta bayyana cewa ba ta gano magani ba, ba ta kuma samu cikakkiyar amsar da ta fito nema ba, amma ta bar tambayar a wuri mafi kusa fiye da inda ta same ta. Ta nemi ɗanta na uku da Ƙarama su miƙe, da izininsu, ta gabatar da su a matsayin waɗanda suka fi ta sanin wannan ciwo. Zauren ya miƙe tsaye tare da su.

A farkon 2023 aka gano tana da ciwon daji a hanji, wanda ya riga ya yaɗu. Ta zaɓi ta yi jinya a gida, kuma Ƙarama ce ta karɓi ragamar kula da ita, ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɗakinta. 'Ya'yanta sun ruwaito cewa duk lokacin da Farfesa ta kawar da kai daga magani, Ƙarama takan ce, "Shekara hamsin kina tsaye a kaina da kofin ruwa. Buɗe baki, Farfesa, yau ni ce likita."

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar wata Laraba a watan Nuwamba na 2023, tana da shekara saba'in da biyu, a ɗakinta, a gaban 'ya'yanta da 'yar'uwarta. An yi mata salla a ranar bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar da mijinta yake. Baya ga malaman jami'a da likitoci, jana'izarta ta samu halartar mutane da dama waɗanda iyalinta ba su taɓa gani ba, suka riƙa gabatar da kansu da cewa su marasa lafiyarta ne na ranar Talata, ko 'ya'yansu.

Bayan an watse daga zaman makoki, Ƙarama ta sa aka kai ta cibiyar, ta nemi ganin shugabar. Ta tambaya ko aikin zai tsaya, aka tabbatar mata ba zai tsaya ba. Sai ta naɗe hannun rigarta ta ce, "To, ni dai ina nan. Duk ranar da kuke buƙatar fata, ku aiko a ɗauke ni."

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta, alƙaliya a kotun ɗaukaka ƙara, ɗanta na biyu, injiniyan ruwa, ɗanta na uku, mai zanen gine-gine, wanda ya zana sabon ɓangaren cibiyar mahaifiyarsa, yana da mata da 'ya'ya biyu, da autarta, malamar lissafi a makarantar sakandare. Ta bar jikoki goma sha ɗaya. Ta kuma bar 'yar'uwarta ta tagwaye, wadda a yanzu take zaune a gidan ɗansu na uku, tana ɗinki, tana duba wa jikoki aikin gida.

Allah ya gafarta mata, ya haskaka makwancinta, ya ba waɗanda ta bari da waɗanda ta yi wa hidima lafiya mai ɗorewa. Amin.